Kantar Takalma a Zaurenmu

Ranar wata Alhamis ce bayan la'asar, a tsakiyar marka, shekarar da na cika tara, motar kifi ta tsaya a bakin layinmu a Nguru aka sauko da wani abu naɗe cikin tsofaffin buhuna. Muna cikin wasan langa a lokacin, ƙafata ɗaya a hannu, na sake ta na ruga. Mutum biyu ne suka ɗauko shi, Baba yana biye da su yana cewa a yi a hankali da ƙafafun. Da aka kwance buhunan a zaure sai ga kanta ta jan katako, tsayinta ya kai kafaɗar Baba. Hawa uku ne a ƙasa na ajiye takalma, daga sama kuma an kafa turaku shida na rataye riga da hula. A kan kwandunan banda ta taho tun daga Gashua, shi ya sa har kaka ta shigo zaurenmu bai rabu da ƙanshin kifi ba.

Baba fataucin busasshen kifi yake yi, kuma zaurenmu ne wurin ciyayya a layin. Kullum bayan magariba, ranar Juma'a kuma bayan an sauko daga masallaci, magidanta bakwai ko takwas sukan hallara, kowa a kawo kwanonsa daga gida a haɗa a ci. Takalmansu sai su taru tsibi guda a bakin ƙofa. Awaki su tauna maɗauri, kaji su hau su ɓata, idan an tashi a yi ta laluben wari. A damina abin ya fi muni, don ruwan indararo daidai nan yake zuba. Ranar da ruwa ya ja warin takalmin wani baƙo har cikin kwata, ni aka tura na bi shi da kara, a ranar Baba ya ce ya isa haka, zai sa kafinta ya yi kanta. Labarin zaɓen katakon kuwa ya ba da shi ya fi a ƙirga. Kafintan ya nuna masa farin katako mara nauyi, ya ƙwanƙwasa ya ce wannan abincin gara ne, ya tsaya sai maɗaci. "Abin da ke da ɗaci shi ke daɗewa a gidan ƙasa," in ji shi. Duk da haka bai yarda da garar Nguru ba. Ya sa na nemo gwangwanayen madara huɗu, aka zuba baƙin mai, aka tsoma kowace ƙafa a ciki.

Ni aka ba wa kula da kantar, wataƙila don a samu in zauna wuri ɗaya, domin a lokacin ba na iya zama. Da safe ina makarantar allo ina mutsu-mutsu, da hantsi ina gona ina korar tsuntsayen jan-baki daga gero da gwangwani da tsakuwa, da yamma ina yankar wa tumaki ciyawa ko ina bin gare har bakin tashar jirgi. Amma da kantar ta zo sai na ƙi nisa da ita. In goge, in jera, in koma baya in duba, in sake jerawa. Ƙa'ida ɗaya Baba ya ba ni: na manya a sama, na yara a ƙasa.

Babba a cikin masu ciyayyar shi ne Ba Mele, wani dattijo Babarbare, dogo, mai maganar ƙasa-ƙasa. A da dillalin fatu ne lokacin da jirgi yake kwasar kaya sosai, kuma shi ya sauki Baba a gidansa sa'ad da ya fara zuwa Nguru yana saurayi ba ya da kowa. Daga baya kasuwa ta juya masa baya. Rigarsa kullum a wanke take, hularsa a karye tsaf, kuma babu wanda yake sa hannu a kwano sai ya sa. Ni kuwa "tada" yake kirana, wato yaro. Abu ɗaya na lura da shi tun kafin kanta ta zo: ba ya cire takalminsa a cikin tsibin. Sai ya raɓa ta bayan randar da ke kusurwa ya tura su can, sannan ya zauna. Da kanta ta zo ma bai canza ba. Na ɗauka mantuwa ce irin ta tsufa, kuma abin ya tsaya mini a rai, ganin hawan sama babu na babban kowa.

Juma'a ta biyu da zuwan kantar, zaure ya cika, rana ta shigo ta ƙofa ta haske ko'ina. Riguna uku a rataye a turaku, huluna a sama, an buɗe kwanuka. Na lallaɓa bayan randa na zaro takalman Ba Mele. Na fata ne, an yi wa ƙasansu faci da taya, tayar ma ta cinye har dunduniyar ta huje, maɗaurin ɗaya kuma da waya aka ɗaure. Duk na ga wannan, amma ban ga komai ba. Na goge su da gefen rigata, na matsar da sabon sau-cikin wani Alhaji gefe, na ɗora su a tsakiyar hawan sama. Hawan nan kuwa daidai yake da idon mutumin da ke zaune a tabarma.

Jauro Buba ne ya fara gani, Bafillace mai sayar da shanu, abokin wasan Ba Mele, wanda ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya tsayar da loma ya dubi Baba ya ce, "Malam Audu, wa ya ɗora maka rariya a kan sabuwar kanta? Af, ashe ta Babarbare ce. Da ita kake tankaɗe garin hanya?" Aka yi dariya, kowa yana jiran raddi, domin Ba Mele bai taɓa barin Bafillace ya ci bulus ba. Ba Mele ya ɗaga kai ya dubi takalman, ya daɗe yana kallo, ya yi ɗan murmushi, ya mai da kansa ga kwano. Dariyar ta mutu da kanta. Ya ƙara loma biyu, ya wanke hannu, ya ce akwai wanda yake jiransa. Da hannunsa ya sauko da su, bai sa ba sai da ya fita waje.

Da magariba bai zo ba. Washegari ma haka. Baba ya aike ni gidansa da kwano, dattijon ya karɓa ya sa albarka, ya ce in ce ƙafa ke damunsa. Kwana bakwai Baba bai samu sukuni ba. Ya shiga cikin gida, ya fito zaure, ya leƙa layi, ya koma. A wurin ciyayya sai a buɗe kwano a tsaya ana duban juna, an rasa mai fara sa hannu. Ni kuma na daina barcin rana, na daina langa, ina ta zagayen ƙofar gidan Ba Mele da garena ban iya shiga ba. A rana ta uku na faɗa wa Baba cewa ni na ciro su daga bayan randa. Na shirya wa bulala, amma bai taɓa ni ba, ya ce shi ne ya ce na manya a sama. Ya yi niyyar saya wa dattijon sabon takalmi, Inna ta hana. "In ka kai masa yanzu, ka ce masa kowa ya gani ke nan," in ji ta. Sannan ta juyo gare ni: "Abin da mutum ya ɓoye da hannunsa, kada ka fito masa da shi, ko da girmamawa kake nufi."

Juma'ar da ta zagayo Baba ya ce a ɗauki tabarmi da kwanuka. Muka ɗunguma zuwa ƙofar gidan Ba Mele, aka shimfiɗa a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, kowa ya tura takalminsa ƙarƙashin bakin tabarma. Aka yi sallama, shiru. Aka sake. Da ya fito ya tsaya yana kallonmu, sai Jauro Buba ya gyara zama ya ce, "An ce mana Babarbare ya mutu, shi ne muka zo rabon gado. Ni dai rariyar nan nake so." Ba Mele ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai da kakanka ya mutu bai san ƙafa tana da riga ba, me za ka yi da takalmi? Matsa in zauna." Ya zauna, ya yi bisimilla, ya sa hannu.

Daga ranar ciyayya ta koma gindin dogon yaro, kuma can ta tsaya har ya rasu bayan damina biyu. Yana gaisawa da Baba kamar da, yana kirana tada, yana ba ni goruba in na kai kwano. Amma bai sake taka zaurenmu ba. In ya zo neman Baba sai ya tsaya a waje ya yi sallama. Kantar ta zauna wurinta da takalman yara da hular Baba guda ɗaya, gara ba ta taɓa ta ba. Ni kuma kullum ina cewa gobe zan ba shi haƙuri, har goben ta ƙare.

Yanzu a Gashua nake zaune da iyalina, gidan siminti, ba zaure, sai ɗan lungu a bakin ƙofa. Bara na sa aka yi mini tawa kantar, na rubuta wa kafinta awon da kaina, na ce ya sa mata ƙyaure. Ya ce takalmi yana son iska, na ce ya huda bayan. Sai dai ba ta cika ba ko sau ɗaya. Ba a ciyayya a layinmu, kowa a ɗakinsa yake ci, baƙo ma sau da yawa daga kan babur yake gaishe ka ya wuce. Wani lokaci nakan tsaya a lungun nan in ji ina kewar tsibin takalman nan da awaki suke tauna, inda ba a gane na mai shi da na mara shi. In wani dattijo ya zo ya raɓe nasa a gefe, yarana sun san ba a taɓawa. Inda mutum ya ajiye takalminsa, nan ne wurinsa.