Duwatsun Murhun Malam Sirajo

Malam Sirajo injiniyan ruwa ne, Bakano, mazaunin Woodbridge. A cunkoson titin 95 gemunsa ya yi fari, amma har yau abu biyu bai yafe wa Amurka ba: tuwon murhun lantarki, da abin da suke kira tarihi.

"Tsohuwar rijiya da bulo huɗu, sai su kafa allo," in ji shi. "Su je su ga badalar Kano."

Da sunan jikarsa Umaima ya zo, ya kafe sai da itace za a tuƙa tuwo. Ya shiga dajin bayan gidansa, ya tarar da duwatsu a jere cikin ganye kamar shi aka ajiye wa. Ya zaɓi uku masu kyan zama, ya turo a baro.

Tuwo kam ya yi daɗi. Maƙwabcinsa Raymond, dattijon da kakanninsa suka noma wurin kafin ya koma daji, yana cikin ƙari sai ya ajiye cokali, ya ƙura wa murhu ido.

"Sirajo, ina ka samo waɗannan?"

Ashe inda ya ɗebo su maƙabartar tsohon cocin su Raymond ce. Cocin ya rushe tuntuni, mutanen kuma ba su da halin sassaƙa suna, sai dai a kafa dutse. Mai tsaga a gefen nan na kakar Raymond ne, da shi yake gane inda take.

Sirajo ya yi salati. Suka kankare baƙin hayaƙi, suka tura baro daji. Biyu suka zauna daram a gurbinsu. Gurbin na ukun kuwa, mai tsagar nan, ruwan sama da ganye sun shafe shi.

"Kusa da wata bishiya na ɗauke shi."

"Sirajo, daji ne fa."

Suka yi ta sharar ganye har bayansu ya ƙage. Raymond ya gaji, ya ce a ajiye ko'ina, tsohuwa ba za ta kai ƙara ba.

"In ɗora dutsen kakarka a kan wani ƙato? A'a."

Hukuma ta ce akwai na'urar da ke gano kabari, amma sai layi ya zo kansu. Layin bai zo ba.

Yanzu dutsen yana falon Sirajo, a kan tawul. Duk Asabar yakan ɗauki manjagara ya shiga daji, ya dawo yana tsaki. Matarsa Hansatu takan tare shi a ƙofa.

"Malam, baƙuwar taka yaushe za ta koma ɗakinta?"

"In na tuna bishiyar," in ji shi, yana kakkaɓe ganye daga hula.