Abin da ke Bayan Ƙofa

Kawuna ya shekara talatin yana buɗe wa mutane ƙofa idan makulli ya ɓata. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya taɓa kwaɗo sai ka gaya masa abin da ke bayan ƙofar.

Wata rana wata mata ta zo a firgice, wai makullinta ya faɗi a hanya. Ya tambaye ta, ta ce keken ɗinki ne da shuɗin bokiti. Ya buɗe, ga su kuwa. Ashe tsohuwar mai aikin gidan ce. Ta yashe ɗakin tas, aka kama Kawu.

Lauya ya ce doka ba ta hukunta wanda aka ruɗa ya yi abu da zuciya ɗaya, muddin ya bincika. Amma wata bakwai ya yi a tsare kafin alƙali ya gamsu. Wata bakwai, saboda Allah!

Jiya makullina ya ɓata, na kira shi. Ya tambaye ni, na lissafa masa komai. Ya daɗe yana kallon kwaɗon, sannan ya mayar da kayan aikinsa cikin jaka.

Ya ce, "Ita ma daidai ta faɗa, 'yata."