Mahaifinta Ya Ce Sai Ya Ga Aikin

Ana sallame sallar asuba muka bar Gombe, ni da abokina, kwamfuta a cinyata, zuciyata kuwa tuni ta riga mu isa Jimeta. Can tauraruwata take, kuma ranar mahaifinta ya ce in zo ya gan ni kafin ya ba ni izinin turo magabata.

Kuɗin mota ya tashi, ramuka ma sun ƙaru. A shingen sojoji sai da na kunna kwamfutar kafin a bar mu mu wuce. A Numan muka ci soyayyen kifi mai yaji har abokina ya yi hawaye, ya ce tausayina ne.

Gidansu a Damilu yake. Mahaifin nata tsohon malamin lissafi ne, ya baro Mubi shekarar da 'yan tayar da ƙayar baya suka shiga garin, littattafansa a buhu. Bayan kunun gyaɗa ya tambayi karatuna. Don in burge shi na nuna masa bincikena kan faɗin bututun da zai kai ruwa wani ƙauye. Manhajar lissafi mai tsada da makarantarmu ta saya ta ba da amsa nan take.

"Ina aikin, ɗana?" in ji shi. "Ban taɓa ba ɗalibi maki a kan amsa tsirara ba."

Na ce kamfanin ya kulle cikinta, Baba, ba a gani. Sai na buɗe wata ta kyauta, wadda kowa ke iya karanta rubutun da aka gina ta da shi. Amsarta ta ɗan bambanta. Ya ce in karanta masa rubutun nata. Layuka suka zubo kamar tururuwa, ban gane ko ɗaya ba. Waccan ta ƙi nuna mini komai, wannan ta nuna mini komai na kasa gani.

"Mutane ne za su sha amsar nan," ya ce. "Ranar da ka iya yi mini bayanin bambancin da alli, turo magabatanka."

Daga bayan labule na ji wata siririyar dariya da na sani. Ta tausayi ce ko ta tsokana, har yau ban tantance ba.

Washegari da la'asar muka iso gida. Tafiyar ta nuna mini shekara biyu ina amincewa da abin da ban taɓa leƙa cikinsa ba. Har yanzu ban san wacce ke da gaskiya cikin manhajojin biyu ba, amma ɗaya ce kawai ta bar mini ƙofa in duba. Na sayi alli. Ina layi na goma sha bakwai na rubutun manhajar kyautar.