Gaisuwar Kawu ga Matar Dogo

Kawu mai gyaran agogo ne, kuma in ka leƙa shagonsa za ka rantse don mutum ɗaya da rabi aka gina shi. Tebur guda, kujera guda, fitila mai lanƙwasasshen wuya, sai agogunan bango tara waɗanda ba a taɓa samun biyu a cikinsu sun yarda da juna a kan lokaci ba. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan yana zaune a wannan lungu, tsakanin mai takalma da mai gyaran waya, madubi maƙale a ido ɗaya, hantsaki a hannu. Magana ba ta dame shi ba. In ka kawo agogo ka fara ba shi tarihin yadda ya faɗa ruwa, sai ya ɗaga maka hannu, ya kara agogon a kunne, shi ya faɗa maka abin da ya faru.

To, wannan mutumin da kalma goma ke yi wa nauyi a baki, shi ne ya zama uban surutu a intanet. 'Yarsa ce ta ja masa. Ta ga kayan gyara suna wuyar samu, sai ta buɗe masa suna a wani dandali na masu gyaran agogo, inda mutum kan saka hoton agogon da ya gagare shi, 'yan'uwa su ba shi shawara. Su sittin ne da 'yan kai, a warwatse cikin ƙasashe, ba wanda ya taɓa ganin fuskar wani, kowa da laƙabinsa. Akwai Mai Batir, matar da ke kula da dandalin, wadda in gardama ta yi tsami takan kashe ta da layi ɗaya. Akwai kuma Dogo, wanda a lokacin ba a san ko dogon ne ba, ko kuwa gajere ne yake huce haushi. Shi tsohon bai zaɓi laƙabi ba, matasan cikinsu ne suka shiga ce masa Kawu, sunan ya bi shi har shago.

Abin da ya sa aka san Kawu a dandalin ba gwanintar gyara ba ce, ko da yake yana da ita. Wani ɗan littafi ne irin na 'yan makaranta da yake ajiyewa a ƙarƙashin akwatin sukurori. Mutane in suna maganar agogo, zancen gida kan suɓuce musu. Wannan zai ce a yi haƙuri bai amsa da wuri ba, matarsa ce ta haihu. Wancan zai ce baya ya hana shi zama. Wani rufin shagonsa ke yoyo. Kowa ya karanta ya wuce, ban da Kawu. Sai ya buɗe shafin mai maganar ya rubuta. Idan hutun ƙarshen shekara ya zo aka rufe shaguna, sai ya baje littafin a kan teburin cin abinci, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da gaisuwar sabuwar shekara, kowa da tasa. Ya tambayi jaririyar da yanzu ta isa rarrafe, ya tambayi bayan, ya tambayi rufin. Da yatsa ɗaya yake rubutu, saboda haka kwana biyu cur aikin ke cinye masa.

Matarsa takan tsaya a kansa riƙe da ƙugu. "Malam, mutanen da ko a hanya kuka yi karo ba za ka gane su ba, ka san ciwon bayansu. Ni fa? Yaushe rabon da ka tambayi nawa?"

"Naki ai kullum ina jin labarinsa, ba sai na rubuta ba," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba.

Duk cikin 'yan dandalin ba wanda jininsa ya haɗu da na Kawu kamar Dogo. Sa'anni ne, dukansu sun koyi aikin tun agogo bai san batir ba, dukansu kuma sun tsani agogon roba. Dogo ba ya rubuta layi biyar bai sako matarsa ba. Ita ke riƙe masa fitila in wuta ta ɗauke, ita ke tsinto masa sukurorin da suka faɗi ƙasa, don idonta ya fi nasa kaifi. A shafin Dogo, Kawu ya rubuta: "Matarsa, ciwon ƙafa, tun wata na huɗu."

A wata na tara aka yi wa Kawu aikin ido. Likita ya hana shi kallon waya mako biyar, matarsa kuwa ta ɗauke wayar ta kulle a akwatinta, ta ce ko kuka zai yi ba za ta ba shi ba. Da ya dawo dandalin sai ya tarar da saƙonni sun taru sama da dubu. Idon bai gama warwarewa ba, sai ya tsallake su duka ya ci gaba daga na ranar. Bai faɗa wa kowa ya tsallake ba. Ni dai a ganina girman kai ne irin na tsofaffin masu sana'a, waɗanda gara a ce sun yi kuskure da a ce idonsu ya gaza.

Shekara ta ƙare, Kawu ya baje littafinsa kamar kullum. Da ya iso kan Dogo har murmushi ya yi. Ya rubuta: "Dogo, barka da sabuwar shekara. Ka gaida mini da mai tsinto sukurori. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Ka ce mata in ji Kawu, ta riƙa hutawa, kai ma ka koyi sunkuyawa."

Ya tura, ya wuce na gaba. Sai can ya lura da wani abu. Duk gaisuwar da ya tura, kafin ya gama ta gaba an cika ƙarƙashinta da amsa da barkwanci. Ta Dogo kuwa shiru, alhali ga shi an nuna mutum talatin sun karanta. Yana cikin wannan tunani saƙon Mai Batir ya shigo masa shi kaɗai: "Kawu, ashe ba ka gani ba? Matar Dogo ta rasu tun wata na tara. Duk mun yi masa gaisuwa. Tun daga lokacin bai cika magana ba."

Kawu ya sake karanta saƙon. Ya koma baya cikin tsofaffin saƙonnin da ya tsallake, yana ja da yatsa har ya iso wurin. Layi biyu kawai Dogo ya rubuta, ƙarƙashinsa mutum hamsin da wani abu sun yi addu'a. Sunan Kawu kuwa babu. Wato bai yi wa amininsa ta'aziyya ba, sannan bayan wata uku ya zo gaban jama'a yana tsokanar matar da ke kwance a ƙasa. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Goge shi mana," in ji matarsa da ya karanta mata.

"In goge me? Ai ya riga ya gani. In na goge, na zama wanda ya yi ɓarna ya share sawu."

Ya rubuta wa Dogo saƙon ban haƙuri shi kaɗai. Sau huɗu yana rubutawa yana gogewa, a ƙarshe abin da ya tura bai wuce wannan ba: "Ban sani ba, Dogo. Ina jinyar ido. Allah ya ji ƙanta. Ka yafe mini." Ba amsa. Washegari ma ba amsa. Sauran mutum ashirin da bai gaisar ba suka yi ta jira, Kawu ya kasa. Abinci ma sai da matarsa ta yi masa jan ido ya taɓa. Tsoronsa ɗaya ne, kada a ce da hannunsa ya kori Dogo daga wurin da ya rage masa na hira.

Rana ta uku aka buɗe shaguna. Da hantsi yana zaune ya kwance wani agogon hannu, hankalinsa ba ya kai, sai wayar ta yi ƙara. Dogo ne, kuma a cikin dandalin ya amsa, inda kowa zai gani.

"Kawu, kar ka goge saƙon nan. Tun da ta rasu ba wanda ya ƙara ambatonta a gabana. 'Ya'yana in na soma zancenta sai su kawo wani zance. Ku ma a nan haka kuka yi, na san don tausayina ne. Wata uku ke nan ina zaune kamar ba a taɓa yin ta ba. Da na ga an ce in gaishe ta, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne ta, shi ya sa na kasa amsawa. Amma na karanta saƙon da ƙarfi a ɗakinta. Da tana nan, da ta ce a faɗa wa Kawu ai ni ba na iya sunkuyawa, tsayi ya yi mini yawa."

Kawu ya cire madubin daga idonsa, don hawaye sun hana shi ganin komai ta cikinsa. Ya fara rubuta haƙuri, sai ya tsaya. Haƙuri ai Dogo ya sha shi har ya ƙoshi. Ya goge, ya sa yatsansa guda ya rubuta: "Ni ban san ta ba sai ta bakinka. Ba mu labarinta, Dogo. A ina ka fara ganin ta?"

Wani mutum ya leƙo shagon da agogo a hannu, ya ce sauri yake yi. Kawu ya ce masa ya dawo da yamma, yanzu yana da baƙo. Mutumin ya dubi shagon da ba kowa, ya dubi tsohon da hawaye a fuska, ya tafi. A kan wayar kuwa an nuna Dogo yana rubutu, ya tsaya, ya ci gaba. Kawu ya ture agogon da ya kwance gefe, ya gyara zama yana jira.