Arba'in ɗin da Aka Sayar da Ƙasa

A Sitka duk wanda aka yi wa rasuwa gidan Agrafena yake zuwa tun kafin ya je wajen Fadan coci. Ita ce mai allon kwanaki, wani katako mai huda-huda da ta gada wajen uwarta 'yar tsibiri, kowane rami rana guda. Kullum safiya sai ta cire tsinke ta matsa shi gaba. Ba ta iya karatu ba, amma ita ke gaya wa mutum ranar arba'in ɗin mamacinsa. Ni maƙwabcinta ne, Savva mai haɗa ganguna a Kamfanin fatu, kuma shekara ashirin muna faɗa a kan hayaƙin kifinta da ke cika mini ɗaki.

Mijinta Yermolai maharbin karnukan ruwa ne. Fatarsu ce ta kawo mu Rashawa wannan ƙasa mai nisan tsiya, ba ƙaunar ruwan samanta ba. Da ina saurayi sito kan cika har rufi. Daga baya sai na riƙa haɗa ganguna suna ruɓewa babu abin zubawa. Garin alkama sai ya zagayo rabin duniya kafin ya iso mana da tsutsa, ga Ingila a maƙwabta tana kallonmu, mu kuwa ba mu da sojan da zai tsare ko tashar jirgi. Da aka ce sarkinmu ya sayar wa Amurka da ƙasar kafin a ƙwace ta a banza, na yi ashar, amma ban yi mamaki ba.

Yermolai bai yarda dabbobin sun ƙare ba. Ya ce ɓuya suka yi. Ya tafi nemansu a kwalekwalensa na fata, ruwa ya dawo da gawarsa bayan kwana uku. Agrafena ta yi abin da ake yi: ta ajiye kofin ruwa a taga, ta rataye tawul, don kurwar mamaci kwana arba'in take yi tana zagaya gida, ta sha ruwa, ta goge fuska. Ran arba'in sai a buɗe ƙofa, a karkaɗe tawul, a sallame ta. Ranar Yermolai ta faɗa sha biyu ga Oktoba.

Ana saura kwana biyar aka sauke tutarmu aka ɗaga tasu. Mai shela ya bi gida-gida yana cewa sababbin masu ƙasa ba irin lissafinmu suke yi ba: jiya shida ga wata, yau sha takwas, jiya Juma'a, yau ma Juma'a. Mu maza muka yi ta dariya wai an sayar da mu har da Asabar. Agrafena kuwa, wadda tun da take ba ta taɓa musa wa umarni ba, ta ɗauki tsinkenta ta tsallake rami goma sha ɗaya. Sai da ta soke shi ta ga ta wuce ramin arba'in ɗin mijinta.

Ta same ni a wurin aiki da hantsi. Na ce ta mayar da tsinken baya mana, wa ya gani? Ta dube ni kamar na zagi uwarta. A wajen mutanen tsibirinsu ba a mayar da tsinke baya, wanda ya yi ya kira duk matattun da allon ya sallama. Fada ma ya lallashe ta, ya ce coci na nan kan tsohon lissafi, ta ƙirga da yatsu. Ranar da arba'in ta cika a tsohon lissafi ya zo ya yi addu'arsa, muka ci dafaffiyar alkama da zuma, amma ta hana a taɓa tawul. Ta ce ranar ba ta zo a allonta ba, kuma Yermolai allon ya sani.

Na so in ce tsufa ne. To, wata rana da azahar na leƙa aron gishiri ba ta nan. Hazo ya rufe gari, gidan shiru. Kofin da na ga ta cika da safe ya koma rabi, tawul ɗin sharkaf, yana warin teku. Na fita ban ɗauki gishirin ba, kuma tsoro na ji, ba zan ɓoye ba.

Da jirgin ƙarshe zai kwashe mu zuwa Rasha, 'yar Agrafena, Fekla, ta samo mata wuri. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta ɗora mata jikanta a cinya, duk a banza. Sai aka turo ni, wai tana jin maganata.

Na ce, "Haba Gwaggo, ki tashi mu tafi. Wa zai saya miki ko ashana a nan? Mutumin nan ya riga ya tafi."

Ta ce, "Kai dai Savva kanka kamar gangunanka yake, babu komai a ciki. An sayar da ƙasar nan da duk abin da ke kanta, shi kuma bai bar kanta ba tukuna. In tafi in bar musu shi? Ko sunansa ba su iya faɗa ba."

Ba ta raka mu tasha ba, ta ce ba a barin baƙo shi kaɗai a gida. Fekla ba ta sake ganin uwarta ba.