Tuwon Zogale

Ranar Juma'a da hantsi, a gidanmu na Matameye, 'yata ta ɗaga wani kwano a tsakar gida, muka ga ciyawar ƙarƙashinsa ta yi fari. Sai na tuna da kakata.

Shekarar da babanmu ya tafi cin rani Kano, ya bar mana amanar dashen zogale. Inna ta kifa masa tukunya saboda awaki, har ganyen ya koɗe, ya langaɓe. Kaka ta ɗauke tukunyar, ta ce, "Haba 'yar nan, kin tsare shi daga akuya, kin hana shi tuwonsa. Koren ganye da hasken rana yake girki." Ta kewaye shi da ƙaya.

Allah ya haskaka kabarinta. Zogalen ya farfaɗo, har yau da ganyensa muke kwaɗo.