Shafin Da Na Rubuta Da Hannuna Ya Ƙona Fuskar Wadda Zan Aura

Edita, a lokacin da abin nan ya faru, ni saurayi ne a Daura wanda littattafan soyayya suka raina fiye da yadda makaranta ta raine shi. Tun ina sakandare nake karɓar hayarsu a wani shago kusa da tasha, in cusa a tsakiyar littafin darasi ina karantawa malami na ta bayani. Na gama kwaleji babu aiki, sai waya da daɗin baki. Abokaina kan zo in tsara musu saƙon da za su tura wa 'yan matansu, ni kuma ina jin kaina marubuci. A littattafan nan kowace jaruma fara ce sol, mai gashi har gadon baya. Wadda Allah ya haɗa ni da ita kuwa baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi, kuma ban taɓa jin ta gaza mini da komai ba. 'Yar Mai'adua ce, tana zaune a gidan gwaggonta a Daura saboda karatu, mahaifinta dillalin shanu ne a kara. An riga an sa mana rana bayan Babbar Sallah, an kai lefe. Malam Marubuci take kirana, in ta so tsokana ta ce ranar da tukunya ta ƙi tafasa sai in karanta mata baiti mu sha ruwa mu kwanta.

Tsokanar nan ce ta sa na fara neman abin riƙe gida. Wani tsohon ɗan ajinmu ya jefa ni a wani zaure na waya inda ake koyar da dillanci ta intanet. Mai kaya yana can wani gari, ya ba ka linki naka na kanka, kai kuma ka biya dandalin sada zumunta ya riƙa nuna wa mutane tallarka, duk wanda ya latsa ya saya sai a ba ka la'ada. Na zaɓi wani man shafawa na hasken fata don la'adarsa ta fi tsoka. Ban taɓa ganin man da idona ba. Da farko tallata kai tsaye take kai mutane shafin mai kayan, wanda Turanci ne zalla, busasshe, mata su leƙa su fice. Da na kai kuka zauren, shugabansa wanda muke kira Oga ya yi mini dariya, ya ce ni ɗan ƙauye ne, wa ya taɓa tura baƙo gidan maƙwabci bai ba shi ruwa ba? Ya ce in gina shafina na kaina inda mai latsa talla zai fara sauka, in jiƙa shi da magana kafin in miƙa shi wurin biya. Ya ƙara da cewa mace mafarki take saye, man kuwa kyauta ake ba ta.

Maganar ta faɗa mini a gaɓa, don sai na ga ai abin da na iya kenan. Na zauna na rubuta shafin da bakin wata amarya da babu ita a duniya. Na ce baƙa ce, angonta ba ya ɗaga kai ya dube ta, tana kuka a bayan labule, har wata ƙawa ta nuna mata man nan, cikin kwana bakwai ta koma kamar wata ɗan daren sha huɗu. Na sa ta rantse da Allah har sau uku. Na tsinto hoton wata baiwar Allah a intanet na liƙa. Da na zo wurin da angon zai yabe ta bayan ta yi fari, na rasa kalma, sai na ɗauko wadda na taɓa rubuta wa wadda zan aura a farkon haɗuwarmu, cewa in ta yi murmushi ko fitilar ɗaki kunya take ji ta rage haskenta. A ƙasan shafin na sa maɓallin da ke kai mace wurin yin oda kai tsaye, ba sai ta bi ta shafin mai kayan ba. Sannan na saita tallar ta riƙa fitowa a wayoyin matan Daura da Zango da Mai'adua da Mashi, don Hausata tasu ce, na san inda zan taɓa.

Ciniki ya buɗe. 'Yan zauren suka riƙa kirana gwani, wasu suka roƙi in bar su su kwafi shafin, na bar su ina hura hanci. Wadda zan aura kuwa ban gaya mata abin da nake tallatawa ba, na ce mata dai harkar intanet ce. Ana saura 'yan makonni biki sai ta fara ƙin fitowa zance. In ta fito sai ta ja hijabi har kumatu, ta zauna nesa, ta ce ana yi mata gyaran jiki. Ni da littattafai suka cika wa kai na ce kunyar amarya ce, har na koma gida na rubuta mata saƙo a kan hakan.

Wata safiya gwaggonta ta aiko in zo. Ina shiga soro ta tare ni da cewa sannu da zuwa mai magani, in shigo in ga aikin hannuna. Ta ɗage hijabin yarinyar da kanta. Edita, fatar kumatunta ta saɓule, jan nama a waje yana tsatsar ruwa, gefen goshi ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, wuyanta duk ƙuraje masu mugunya. Gwaggo ta buɗe wata roba marar ko rubutu ta kanga mini a hanci, ta ce in shaƙa tunda ni ban taɓa ba. Wari ne kamar na ruɓaɓɓen ƙwai da aka zuba wa ruwan wanke masai. Sai da na fita waje na yi amai a bakin kwata. Da na dawo, yarinyar ta yi magana kanta a sunkuye. Ta ce tallar ta fito mata a waya, ta fara karantawa tana dariya, har ta iso wurin fitilar nan. Ta ce duk Daura babu mai wannan kalma sai ni, kuma ita aka fara gaya wa tana baƙarta, yanzu ga shi an ba wata bayan ta yi fari, sai ta gane ashe wannan ce matar da nake so na kasa faɗa. Ta ce tsoron man ya kama ta, amma ta ga rantsuwa uku, kuma ta san Malam Marubuci ba ya rantsuwa a kan ƙarya.

A ranar na nemi Oga. Ya ce shi bai rantse wa kowa ba, mai kaya ma bai rantse ba, in je in duba ƙasan shafin mai kayan. Na duba. Can da ƙananan haruffa na Turanci an rubuta kada a shafa a fuska, kuma a fara gwadawa a hannu. Maɓallina ne ya tsallake da mata wannan layi. Kafin azahar an cire ni daga zauren, waɗanda ke kirana gwani babu wanda ya ɗaga wayata.

Yayanta ya so ya maka ni a kotun shari'a, mahaifinta ya hana, ya zo daga Mai'adua ya sa aka kira ni. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya ce ɗana, a kara dillali ba ya yabon bijimi sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya ja shi ya ga tafiyarsa, domin mai bijimin zai koma rugarsa, mai saye ya tafi garinsu, amma dillali yana nan kasuwa mai zuwa, shi za a nuna da yatsa. Ya tambaye ni ko na taɓa buɗe robar kafin in yabe ta. Na ce a'a. Ya tambaye ni wace ce amaryar da ta rantse, yana so ya gaisa da iyayenta. Na ce ni ne. Sai ya ce zancen aure ya bar wa mai fuskar. Bayan kwana biyu gwaggo ta kawo amsa. Ta ce yarinyar ta ce fuska ko ta warke ko ta bar tabo duk ta ɗauka ƙaddara ce, amma ba za ta iya zama da mutumin da in ya gaya mata magana mai daɗi sai ta tsaya tunanin ko tata ce ko ta sayarwa ba. Da la'asar aka sauke akwatunan lefe a ƙofar gidanmu.

Abin da na koya shi ne, ranar da ka gina shafinka na talla ka daina zama mai nuna hanya, ka zama mai magana, duk abin da ke kai bakinka ne zai amsa shi a nan da gaban Allah. Samari masu wannan harka, ban ce kada ku gina ba. Amma ku sayi kayan, ku buɗe, ku shaƙa, ku shafa a jikinku, ku karanta ƙananan haruffan, kada ku ƙirƙiro mutum ku sa masa rantsuwa a baki. Ni na goge nawa shafin tun ranar, sai dai waɗanda na bari suka kwafa ba su goge ba. Kwanakin baya ƙanwata ta miƙo mini wayarta tana cewa Yaya dubi wani labari mai daɗi. Amaryata ta ƙarya ce, tana nan tana rantsuwa, fitilar nan ma ba su cire ta ba.